Bin Sawun Saƙo: Kundin Aikin Tarihin Intanet a Zangunan Hausawan Legas

13 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin mutanen da suke ba ni lokacinsu su san inda maganarsu ta kwana. Aikin da na sa a gaba shi ne tattara tarihin yadda intanet ta shiga rayuwar Hausawan Legas, a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da mayankar Oko-Oba.

Tarihin da ake da shi a rubuce na hukumomi ne da kamfanoni. An kafa hukumar sadarwa ta NCC a 1992. Najeriya ta samu adireshinta na intanet mai ƙarewa da .ng a 1995, kuma a Kwalejin Fasaha ta Yaba aka fara riƙe shi, a hannun Ibukun Odusote. A Janairun 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan shekarar, a lokacin da layukan kamfanin wayar gwamnati, NITEL, na duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Glo ya shigo a 2003 da lissafin kira sakan-sakan. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki daga gaɓar Legas. Duk wannan gaskiya ne, kuma da shi zan riƙa auna sauran bayanai. Sai dai ko ka haddace shi ba za ka san ranar da mai tumatir a Mile 12 ya daina jiran direba ya kawo masa labarin farashin kasuwar Kwanar Gafan ta Kano ba, ba kuma za ka san wa ya yi asara ranar da hakan ta faru ba.

Shi ya sa na yanke shawarar ba na'ura zan bi ba, saƙo zan bi. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, damuwar Bahaushen Ikko ba ta canza ba: ta hannun wa zai aika magana da kuɗi gida, kuma wa zai amince wa. Tambayar da zan riƙa yi wa kowa ita ce, a shekara kaza, in mahaifiyarka ba ta da lafiya, ta yaya labarin yake iso maka? Daga amsar nan sauran suke fitowa.

27 ga Janairu

Na zauna da wani dattijo tsohon ɗan kasuwar goro a zangon Agege, bayan sallar la'asar, a kan tabarmar ƙofar gidansa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya ce, "Ɗana, ni ban san intanet ba, ka je wajen jikokina." Na ce, "Baba, ba ita na zo tambaya ba, labarin aike na zo ji." Daga nan bai tsaya ba sai da aka kira magariba.

Ya ce a zamaninsu hanya uku ce. Akwai wasiƙa, yawanci da ajami, wadda ake ba direba ko yaron mota ya ajiye a tasha a hannun wani amintacce. Akwai kaset: mutum ya zauna gaban rediyo mai ɗauka, ya yi sallama, ya gaida kowa na gidan da sunansa, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, a naɗe kaset ɗin tare da kuɗin a tsumma a ɗinke. Can gida a tara iyali a kunna, kowa ya ji da kunnensa, ba wanda zai ce an rage masa kaso. Sai kuma wayar girke, wadda sai a gidan manyan fatomai ake samunta, a kulle a akwati da kwaɗo.

Wannan ta uku ita ta fi ɗaukar hankalina. Fatoma shi ne maigidan baƙi: shi ke sauke fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu in an ba da bashi. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a binciken da ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 kan cinikin goro da shanu, kuma abin da Baba ya faɗa na Agege bai saɓa da shi ba. Abin da Baba ya ƙara mini shi ne, ƙarfin fatoma ba a ɗakunan saukar baƙi kaɗai yake ba, yana ga cewa shi ke fara jin labari. In goro ya yi tsada a Kano, shi ya sani kafin kowa. Ranar da yaron shago ya samu waya a aljihunsa, wannan fifikon ya fara zagwanyewa. A ganina nan ne babin farko na tarihin intanet ɗinmu yake, duk da ba a fara hawa intanet ɗin ba tukuna.

10 ga Fabrairu

Babbar wahalar hira da mutane ita ce shekara. Kowa yana tuna irin wayarsa ta farko da kuɗin da ya saye ta, amma in ka ce yaushe, sai ya ce "lokacin Obasanjo", wanda shekara takwas ne.

Ga dabarar da take yi mini aiki. Ina ɗaura tambaya a jikin abin da ba mai mantawa da shi a garin nan. Fashewar bama-bamai a barikin soja na Ikeja ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, wadda ta ci rayuka fiye da dubu, akasarinsu a magudanar ruwa ta Oke-Afa. Rikicin Idi-Araba da ya biyo baya a farkon Fabrairu. Rasuwar 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Yajin aikin cire tallafin mai na Janairun 2012. Sai in ce, daren da bam ya tashi, ta yaya ka sanar da gida kana raye? Wani ya ce washegari ya bi layi wajen masu lema, waɗanda suke zama bakin titi da teburi da waya ana biyansu minti-minti, ya kira wani mai kanti a garinsu ya ce a isar wa gida. Wani ya ce sai da motar albasa za ta koma ya ba da saƙo. Na tambayi mutanen nan dai game da Janairun 2012, suka ce a wayar yaransu suka ga hotunan taron masu zanga-zanga a Ojota. Tsakanin amsoshin nan biyu shekara goma ce cif, kuma kowace tana da kwanan watan da ba a jayayya a kansa.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Kenneth Dike da malaman tarihi na Ibadan su suka tsaya kai da fata cewa abin da dattawa suka riƙe a ka shaida ce, a lokacin da Turawa ke cewa in babu takarda babu tarihi. Dike ɗin ne kuma ya assasa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Ibadan a 1954, wato bai raina takarda ba. A Zariya marigayi Yusufu Bala Usman ya koyar da cewa kowace shaida, ta baka ko ta rubutu, sai an tuhume ta: wa ya faɗa, yaushe, me yake so a fahimta. Mu da muka tashi a gaban malaman zaure ma mun san wannan ta hanyar isnadi. Saboda haka a littafina kowace magana tana da alama: wadda mutum ya gani da idonsa, wadda aka gaya masa, da wadda "ana cewa" ce kawai. Ta ukun ba na zubar da ita, ina ajiye ta a gefe har ta samu mai tsaya mata.

2 ga Maris

Yau na samu takarda, abin da na daɗe ina nema. Wani bawan Allah da ya yi aikin kula da shagon intanet a Agege yana saurayi, yanzu yana sayar da kayan waya a Computer Village da ke Ikeja, ya fito mini da littafin shagon daga ƙasan akwati. Babban littafi ne mai bangon kwali, gefensa ya sha ruwa. Kowane shafi an ja masa layi da biro: lambar kwamfuta, lokacin shiga, lokacin fita, kuɗi. A ƙasan shafi an rubuta kuɗin man janareta, kuma a ranaku da yawa man ya kusa cinye cinikin. Akwai shafukan da ba komai a cikinsu sai kalma biyu, ba sabis.

Ya ce mini, "Yaya, namu ba su cika zama da kansu ba, ni nake zama musu." Alhaji zai zo da takarda a hannu a aika wa wani a Jidda ko Dubai, ya tsaya a bayansa ya faɗa, shi ya buga. Adireshin imel ɗin ma shi ya buɗe musu, shi ya riƙe lambobin sirrin a wani ɗan littafi. Wato aikin da mai rubuta wasiƙa yake yi a bakin gidan waya, shi ne ya koma gaban kwamfuta. Masu zama da kansu ɗalibai ne masu duba sakamakon jarrabawa, sai masu cike cacar bizar Amurka, wadda ta koma ta intanet zalla a 2003. A littafin ana ganin yadda shafukan ƙarshen shekara suke cika maƙil saboda ita. An cire Najeriya daga cacar a 2013, amma kafin nan shagon ya riga ya mutu.

Abu biyu ya ce sun kashe shi. Na farko dokar yaƙi da damfara ta 2006, wadda ta wajabta wa masu irin shagunan nan yin rajista da EFCC da ajiye bayanan masu shiga, ga samame da ya sa kwanan shago ya zama abin tsoro, alhali cinikin dare shi ne mai riba. Na biyu wayar hannu da manhajar hawa intanet ta Opera Mini. Yaron da yake biyan kuɗin awa guda ya gano zai iya yin hira a manhajar 2go yana kwance a ɗakinsu.

Na ɗauki hoton kowane shafi, na mayar masa da littafinsa. Sunayen da ke ciki ba za su fita daga hannuna ba.

15 ga Maris

Jiya Alhamis wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala a yankin gaɓar Abijan: WACS da ACE da Main One da SAT-3. Ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga duhu, bankuna a nan suka riƙa tangal-tangal. Na ajiye abin da na tsara na nufi Mile 12, ga azumi a baki, domin irin wannan rana ce take nuna inda abu ya kama jiki.

An sauke kwandunan tumatir da buhunan tattasai tun asuba, mata masu sari sun zaɓa, an yi ciniki, amma kaya na ajiye. Mai saye ta nuna waya ta ce ta tura, mai kaya ya ce bai ga alat ba. Masu POS sun zauna suna ta danna na'ura. Tumatir kuwa ba ya jira, rana na ɗagawa ruwansa na bin ƙasan kwando. Abin da na gani da idona shi ne yadda aka koma tsohon tsari nan take. Dillali ya ce ya san matar nan shekara da shekaru, a ba ta, shi ya tsaya. Wanda ba shi da mai tsaya masa ya zauna jiran sabis.

Na tambayi wani mai albasa yaushe suka fara karɓar tiransifa haka. Bai yi dogon tunani ba, ya ce lokacin canjin kuɗi, wato farkon 2023, da takardar naira ta ɓace. Kafin nan kuɗi a hannu ne, a ƙirga a ɗaure da roba. Wannan ya nuna mini cewa ba sha'awa ce ta shigar da yawancin 'yan kasuwarmu harkar ba, tilas ce, kuma tana da wata da shekara.

Ana cikin haka wani matashi ɗan Zamfara mai turin baro ya ce wannan ai wasa ne. A watan Satumban 2021, da aka rufe sabis a jiharsu saboda 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, ya yi makonni bai ji muryar matarsa ba, tana da tsohon ciki. A bakin direban motar shanu ya ji ta sauka lafiya, bayan an riga an yi suna. Maganar nan ta tsaya mini a rai. An rufe sabis a Gusau, amma a Legas ma an ji zafinsa, kuma ban ga inda aka rubuta wannan ɓangaren ba.

6 ga Afrilu

Mako biyun nan a gaban kwamfuta na yi su, ina neman abin da ya rage a rubuce. Kaɗan ne. Zaurukan tattaunawa na Yahoo, ciki har da waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe tun 2001 domin tattauna finafinai da rubutun Hausa, an kwashe abin da ke cikinsu daga ƙarshen 2019, aka rufe dandalin gaba ɗaya a Disambar 2020. Manhajar hira ta BBM ta rufe a watan Mayun 2019. Rumbun Internet Archive yana adana tsofaffin shafuka, kuma ya taimaka mini da shafukan jaridu, amma ba ya ganin abin da ya wuce tsakanin waya da waya. Rayuwar mutanenmu kuwa can take.

Wasiƙar ajami ta shekara hamsin tana nan a gafaka ana karanta ta. Hirar shekara goma da ta wuce ta tafi tare da wayar da aka sace a motar haya ko layin da aka toshe. Wannan yana damuna ƙwarai, shi ya sa nake gaggawa.

Inda na samu sauƙi shi ne wajen masu cajin waya da masu tura waƙoƙi da wa'azi. Wani a Obalende yana da tsohuwar kwamfuta da bai taɓa gogewa ba, an jera komai shekara-shekara: tafsirin azumi, waƙoƙin siyasa, finafinai. Shi ke sayen data ya sauke, mutum ɗari su ɗauka a memori. Duk lissafin da ya ƙirga shi mutum ɗaya mai hawa intanet ya bar sauran ɗarin a waje.

27 ga Afrilu

Ɓangaren mata ƙanwata ce take ɗauka, domin akwai ɗakunan da ba zan shiga ba, akwai kuma maganar da ba za a yi a gabana ba. Ta dawo daga Idi-Araba da hirar da ta sa na sake jera babukan aikin.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida ta ce mata, "'Yata, ni waya ba ta zama tawa ba sai da aka fara magana a cikinta." Tana karanta Alƙur'ani, tana rubuta ajami, amma boko bai zauna mata ba. Duk shekarun saƙon tes sai ta kira ɗanta ya karanta mata, ya rubuta mata amsa, wato ba ta da sirri ko da 'yar'uwarta. WhatsApp ya kawo saƙon murya a watan Agustan 2013, kuma da ya iso hannunta bayan wasu shekaru, ta sallami ɗan aike. Yanzu ita ke ɗaukar hoton kaya ta ɗora, ita ke ciniki da Kantin Kwari, adashinsu ma a guruf ake faɗin wadda za ta kwasa.

Masu rubuta tarihin Hausa a intanet sukan ambaci shigar Hausa cikin fassarar Google a 2013, da Facebook na Hausa a 2016, shekarar da mai Facebook ɗin, Mark Zuckerberg, ya zo Yaba a nan Legas. Ban raina su ba. Amma a zangunan nan ban haɗu da wanda ya ce su suka canza masa rayuwa ba, saƙon murya kuwa kusan kowa ya ambace shi. Kuma in ka saurari yadda ake yinsa, da sallama, da gaisuwar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, da bayanin yadda za a raba kuɗi, tsarin kaset ɗin nan ne na zamanin Baba bai canza ba.

Ba duka hirar ce mai daɗi ba. Akwai wadda mijinta ya karɓe wayar, akwai wadda aka yaɗa hotonta aure ya mutu. Waɗannan mun yi alkawarin ba za a ji muryarsu ba, a rubuce kawai za su shiga, ba suna ba unguwa.

8 ga Yuni

Babbar Sallah saura mako guda, na koma wajen masu dabbobi a Oko-Oba. Yaro yana zagaya rago da waya, ya buɗe bakinsa a ga haƙora, ya ɗaga bindi, ya tura wa mai saye a Lekki. Wani kuma daga kasuwar Maigatari ake turo masa bidiyo kafin a yi lodi. Gani ya kori ji, in ji su.

Na zo da zaton zan tarar dillalai sun zama tarihi, kamar yadda masu tallar fasaha suke faɗa. Suna nan daram, suna karɓar la'adarsu. Wani dattijo a cikinsu ya yi mini bayani: hoto yana nuna rago, amma ba ya nuna ko na sata ne, ba ya nuna ko mai turo shi zai loda wanda ya nuna. Abin da ya fita daga hannunsu shi ne ɓoye farashi, domin yanzu kowa yana iya kiran Potiskum ya ji. Abin da ya rage musu shi ne tsaya wa mutum, kuma shi ya fi tsada yanzu da alat na ƙarya ya yi yawa. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a Mile 12 ranar da sabis ya ɗauke, don haka na ɗauke shi a matsayin magana mai shaidu biyu.

Sun kuma kawo maganar jita-jita ba tare da na tambaya ba. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, da yajin kawo abinci kudu da ya biyo baya, bidiyoyi suka cika wayoyi, wasu na gaske, wasu tsofaffi, wasu ma ba na ƙasar nan ba. Iyaye a Arewa suna kira suna kuka a dawo gida, alhali unguwar lafiya lau. Sun ce shugabannin kasuwa da fadawan sarakunan Hausawa su ma da saƙon murya suka riƙa kwantar da hankali, domin an san muryarsu. Ina so in samu ko guda ɗaya daga cikin saƙonnin nan da kwanan watansa.

29 ga Yuni

Ruwan sama ya hana fita sosai, sai na zauna rubuta hirarrakin da aka ɗauka. Ina rubuta su yadda aka faɗe su, da Sakkwatanci da Katsinanci da Yarbancin da ya shiga bakin haifaffun Agege, ban gyara wa kowa harshe ba.

Yadda babukan suka tsaya yanzu: zamanin direba da kaset da wayar fatoma, sai zamanin masu lema da filashin daga 2001, sai shagon intanet da mai buga wa mutane, sai memori da masu turi, sai saƙon murya, sai tiransifa daga 2023. Ba a jere suke kamar matakala ba, domin har gobe ana ba direba saƙo a tashar Agege, kuma zan rubuta su a haka, suna hawa kan juna.

Kowace hira na ajiye ta wuri uku, ɗaya a kan takarda, saboda abin da na gani ya samu zaurukan Yahoo. Duk wanda aka yi hira da shi za a kai masa tasa ya saurara kafin a fitar da komai, in ya ce a cire wani wuri a cire.

Saura direbobin tanka na Apapa, da 'yan acaɓar da dokar hana babur ta 2020 da ta 2022 ta tarwatsa, waɗanda da yawansu sai ta waya za a same su yanzu. Su zan fara nema a watan Yuli, ta hannun wani shugaban tasha da ya ce in zo bayan sallar Juma'a.